Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gudanarwa Kan Ƙaurar Rumbunan Manhajarmu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da shawarar da kwamitinku ya yanke ta kwashe rumbunan ajiyar manhajarmu daga GitHub, dandalin intanet na ajiye kod (rubutattun umarnin da ke gina manhaja), zuwa Codeberg, irin wannan dandali na wata ƙungiya marar neman riba. Ina goyon bayan ƙaurar, domin zanen aro ba ya rufe katara. Microsoft ya sayi GitHub a 2018 kan dala biliyan 7.5, a 2019 kuma aka taƙaita asusun masu aiki daga Iran da Siriya da Kirimiya saboda takunkumin Amurka. Kafin nan dandalin Google Code ya rufe a 2016, daga baya dandalin Bitbucket ya daina ɗaukar rumbunan Mercurial, wani tsarin adana tarihin kod, a 2020. Buɗaɗɗiyar manhaja da kowa ke da hannu a cikinta ta fi dacewa da gidan da ƙungiya marar neman riba ke riƙe da shi.

Damuwata tana kan abin da za mu bari a baya. Kwashe kod ɗin kansa ba aiki ba ne, tunda Git, tsarin da ke bin sawun canje-canjen kod, yana ajiye cikakken tarihinsa a kwamfutar duk wanda ya kwafi rumbun, cikin mintoci an gama. Amma rahotannin kurakurai, da muhawarar da aka tafka kafin a karɓi kowane gyara, da dalilan da suka sa aka ƙi wasu, duk ba sa cikin Git; a dandalin suke zaune. Masu kula da harshen rubuta manhaja na Python sun mayar da kod ɗinsu GitHub a 2017, amma sai a 2022 suka kwaso rahotannin kurakuransu, shekara biyar ke nan, kuma ba don lalaci ba.

Na taɓa shafe dare guda ina neman dalilin wasu layuka uku da suka yi mini kama da shirme a wata manhaja. Bayanin gyaran bai ce komai ba face lambar wani rahoto, da na bi mahaɗar kuwa sai na tarar shafin ya mutu tun ƙaurar da aka yi a baya. Na goge layukan, bayan mako biyu tsohon kuskuren ya dawo.

Saboda haka ina roƙon kada a sanya ranar tashi sai an gwada kwaso rahotannin da lambobinsu na asali, kowace magana kuma da sunan mai ita. A bar tsohon rumbun a buɗe don karatu kawai, da sanarwar sabon adireshi a samansa, a kuma tabbatar akwai kwafinsa a Software Heritage, taskar da ke adana kod ɗin manhajoji don tarihi. Gwaje-gwajen da ke gudana da kansu a GitHub Actions su ma suna buƙatar wanda zai sake ɗora su, don haka a naɗa shi tun yanzu.

Sai batun kuɗi, wanda ban ji an ambata ba. Codeberg ƙungiya ce da ke Berlin, da gudummawar jama'a da 'yan sa-kai take tafiya. Idan za mu jibge mata kayanmu, ya kamata kwamiti ya ware mata wani abu a kasafin kowace shekara, ya kuma sanar da mu adadin kafin a tashi.

Na gode.

Ɗaya daga cikin masu ba da gudummawa ga manhajar