A koya wa ɗalibanmu kama kuskuren na'ura

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shekara 18 ke nan ina aikin tafinta a Makka, a wani ofishin hidimar alhazai da ke wajen Misfala. A da, duk takardar da za a raba wa alhazan Najeriya da Nijar sai ta bi ta hannunmu, mu huɗu. Yanzu mai ofis manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ChatGPT yake ba wa, kafin shayinsa ya huce ta fito da Hausa, a miƙo mini in duba. Mu biyu muka rage.

Ɗan ƙanwata ne ya sa na ɗauki alƙalami. Bana ya gama digiri a Larabci, nahawu da sarfu suna kansa kamar Fatiha. Na kawo shi gwajin aiki, aka ba shi takardar da na'ura ta fassara, ya karanta ya ce babu gyara. Alhali inda Larabcin ya ce a yi sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, ita ta rubuta wai alhaji ya "yi ƙoƙari". Tsohuwar da ta sayar da shanunta ta zo sauke farali, ita za a miƙa wa wannan? Ba ilimi yaron ya rasa ba. Hausar ce ta zo masa sumul, ya ji nauyin ƙaryata kwamfuta. Shekara huɗu yana aji, ba wanda ya taɓa ajiye masa aikin na'ura ya ce nemo inda ta yi ɓaranɓarama. Abin da aka gaya musu kawai shi ne wanda aka kama da ita ya faɗi jarrabawa.

Nan Saudiyya tun 2019 suka kafa hukumar SDAIA don ƙirƙirarriyar basira, har ta samar da ALLaM, manhaja irin ChatGPT mai aiki da Larabci. Harshensu ya samu masu tsaronsa. Namu fa?

Roƙona ga sassan Hausa da Larabci na jami'o'inmu, daga Kano da Sakkwato har Yamai, shi ne kafin ɗalibi ya karɓi shaidar kammalawa a zaunar da shi gaban na'ura. Ya ba ta aiki, ya gwama da asali layi-layi, ya sa hannu cewa shi ke da alhakin abin da ya fita. Wannan ne aikin da ake biyana a kansa yau.

Yaron kuwa, kullum bayan Isha ina ba shi shafi uku. Jiya ya kamo kuskure biyu a bayanin hadaya, ɗaya ma ni ban gan shi ba.

Naku,
Wani tafinta, Makka.