Wasiƙa Zuwa Ga Abokan Cinikinmu Kan Batun Motocin Iskar Gas

Assalamu alaikum, iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, da shugabannin ofisoshi da makarantun da ke ɗaukar hayar motocinmu a Kano.

Mun rubuto ne saboda maganar da ke yawo cewa muna adawa da umarnin da Gwamnatin Tarayya ta bayar a watan Mayun 2024, na cewa ma'aikatunta da hukumominta su riƙa sayen motoci masu amfani da iskar gas da aka matse a tukunya, wato CNG, a maimakon fetur da dizal. Gaskiya ne mun sa hannu a takardar koke tare da wasu 'yan'uwanmu a sana'a, amma lokaci muka roƙa, ba mu ce a soke ba. Mu da garejinmu ke cika da baƙin hayaƙi kowace asuba idan an tayar da bas-bas, har mai gadi yana tari, ba mu buƙatar a gaya mana illarsa.

Umarnin a kan saye yake, amma wasu ofisoshi sun fara gindaya shi a kan haya, har biyu sun dakatar da kwantiraginmu ba tare da an kira mu an ji ta bakinmu ba. Ranku ya daɗe, motar fetur ana iya juya ta, a ɗaura tukunyar gas a bayanta ko da za ta cinye wurin kaya. Injin dizal kuwa ba shi da filogi, matsin iska ne ke kunna mansa, don haka sai dai a yi masa babban aiki ko a sauke shi ɗungurum, kuma manyan motocinmu duk na dizal ne. Sannan ina za a sha gas ɗin? Bututun da zai kawo gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, tun 2020 aka ƙaddamar da aikinsa muna zuba ido, kuma direban da aka tura Gumel ko Daura ba shi da tabbacin samun na dawowa. Duk wannan ya same mu ne ba mu gama farfaɗowa daga cire tallafin mai na 29 ga Mayun 2023 ba.

Muna nan muna tattaunawa da hukumomin da abin ya shafa, kuma za ku ga canji nan gaba in Allah ya yarda.

Muna godiya ta musamman ga Hajiya shugabar makarantar da muke kai wa ɗalibai tun mahaifinmu yana raye, da Alhajin da ya kira mu da kansa ya tambaya kafin ya yarda da jita-jita. Shekara 22 muna wannan aiki, ba mu taɓa barin fasinjanku a hanya ba, shi ya sa wannan magana ta yi mana ciwo. Duk wanda ke tunanin sauya kamfani, muna roƙonsa ya fara leƙowa ofis mu zauna tukuna.

Naku cikin girmamawa,
Manajan Kamfani