Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gary Bettman, shugaban gasar hokin ƙanƙara ta NHL: a faɗi ciwon da ya kashe Vézina

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni ba ɗan hoki ba ne. Sau ɗaya na ɗaura takalmin ƙanƙara, ban yi taku uku ba na sha ƙasa, yara suna ta dariya. Zaman Montreal ta ƙasar Kanada ne ya koya mini kallon wasan, don a garin nan ko direban bas ka gaisar, da labarin ƙungiyar Canadiens zai amsa maka. A nan na fara jin kofin Vezina, wanda kuke bai wa golan da ya fi kowa a kowace kaka. Na daɗe ina zaton sunan wani attajiri ne da ya ba da kuɗi.

Ashe gola ne. An haifi Georges Vézina a garin Chicoutimi na lardin Quebec a 1887. A watan Fabrairun 1910 Canadiens suka je garinsu wasan sada zumunta, suka yi ta bugu, yaron nan ya hana su sakat. Golansu, Joseph Cattarinich, shi da kansa ya ce a ɗauko shi, alhali ya san gurbinsa za a ba shi. Tun daga wannan shekara har 1925 babu wanda ya tsare ragar Canadiens sai Vézina: wasa 327 a jere, ban da na neman kofi. Fuska a buɗe, ba abin kariya, a tsaye ƙyam da sandarsa. Ya ci kofin Stanley, babban kofin zakarun hoki, a 1916 da 1924, kuma shi ne gola na farko a NHL da ya gama wasa ba a zura masa ko ɗaya ba, ranar da suka lallasa Toronto 9 da nema a 1918. Don tsabar natsuwarsa ake masa laƙabi da kokwambar Chicoutimi. Duk wannan ka fi ni sani.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne daren 28 ga Nuwamba, 1925. Ya zo horon farkon kaka a rame, ya zubar da kusan kilo 16 cikin mako shida, bai ce wa kowa uffan ba. A wasan farko da Pittsburgh ya shiga da zazzaɓi a jikinsa, ya gama zangon farko ba a ci shi ba. Lokacin hutu ya yi aman jini a ɗakin sauya kaya. Duk da haka ya koma fili, sai da ya yanke jiki ya faɗi a bakin ragarsa. Washegari likita ya ce tarin fuka ne. Bayan 'yan kwanaki ya leƙo ɗakin nan sallama, ya zauna a kusurwarsa hawaye na zuba, ya roƙi abu ɗaya, jesin da ya ci kofin 1924 da ita. Ya koma Chicoutimi ya rasu ranar 27 ga Maris, 1926, yana da shekara 39.

Yadda ake ba da labarin nan a talabijin, jarumta ce zalla: namijin duniya, bai taɓa fashi ba. Ni kuwa da na karanta, kawuna na tuna. Tela ne, ya shekara yana tari a kan kekensa, yana tofawa a tsumma yana cusawa ƙarƙashin tabarma. In ka tambaya ya ce sanyi ne. Tsoronsa kada a ce tibi, a ware masa kwano, masu kawo ɗinki su gudu. Mu ma a gida yabonsa muke yi, wai ba ya kwanciya. Ranar da aka kai shi asibiti, huhun ya riga ya tafi. Shi Vézina yana da uzuri, a zamaninsa babu magani, sai a shekarun 1940 aka samo allurar farko mai kashe ƙwayar cutar. Kawu kuwa ya mutu ne maganin wata shida na nan kyauta, tafiyar ɗan acaɓa daga shagonsa.

Kada ka ce wannan ciwon ƙasashenmu ne. Gaskiya ne Najeriya na cikin waɗanda suka fi fama da shi a Afirka, kuma a 2023 kaɗai ya kashe mutum miliyan ɗaya da dubu 250 a duniya, a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma a nan Kanada ma, al'ummar Inuit ta arewa mai nisa, 'yan asalin ƙasar, na kamuwa da shi ninki sama da ɗari in aka gwada da sauran haifaffun ƙasar waɗanda ba 'yan asali ba, saboda cunkoson gidaje da nisan asibiti. Gwamnati ta yi alkawari a 2018 za ta kawar da shi daga yankunansu kafin 2030. Yaran nan masu son wasanku ne. Jordin Tootoo, ɗan Inuit na farko da ya buga NHL, a garin Rankin Inlet na yankinsu ya tashi.

Tun 1998 kuke da shirin yaƙi da ciwon daji, ana tara kuɗi, 'yan wasa na ɗaga alluna da sunayen danginsu. Madalla. To kuna da kofi mai sunan wanda tarin fuka ya kayar a gaban 'yan kallo, an miƙa shi tun 1927, gola Jacques Plante shi kaɗai ya ɗauka sau bakwai, amma ni dai ban taɓa jin an ambaci ciwon a wurin miƙawa ba.

Roƙona ba mai tsada ba ne. Ranar 24 ga Maris ce ranar tarin fuka ta duniya, kwana uku kacal tsakaninta da ranar rasuwarsa, kuma lokacin kaka na kan ganiyarta. Ku ware wasannin makon nan. Golan da ke riƙe da kofin ya fito ya ce duk wanda tarinsa ya wuce mako biyu ya je a gwada shi, a faɗa da Faransanci da Ingilishi da Inuktitut, harshen Inuit. Abin da aka tara a tura wa asibitocin Nunavut da Nunavik, yankunan Inuit. In kuna son a fassara saƙon zuwa Hausa, ni zan yi, ba sai an biya ni ba.

Na gode da haƙurin karantawa.

Naka,
Wani Bakano mazaunin Montreal