Wasiƙa zuwa ga Yaya a Argungu, kan maganin Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Ya Inna, ya jikin Baba? An fara yankan shinkafa a fadama?

Auta ya faɗa mini a waya cewa Baba ya ajiye ƙwayar hawan jininsa tun bayan Babbar Sallah, wai ya ji sauƙi, Kawu kuma ya kawo masa jiƙo daga kasuwar Jega. Wallahi jiya ban runtsa ba. Na turo dubu ɗari da hamsin cikin asusunka. Na magani ne da awon jini, Yaya, kada a taɓa su don taki ko biki.

Aikin jijiyoyin jini nake karanta a Ingila, ba jita-jita nake kawo maka ba. Kullum ina gaban na'ura ina duban jijiyar jinin ƙwaƙwalwar ɓera, siririya kamar silin gashi. Tsoka ce ta naɗe ta kamar zobe, kuma cikin kowace ƙwayar tsokar akwai ɗan rumbu da ake tara sinadarin kalsiyam. In kalsiyam ya watsu ya cika ƙwayar, sai tsoka ta matse, hanyar jini ta ƙuntata. Amma ikon Allah, in rumbun ya saki ɗan kaɗan a gefe guda kamar tartsatsin wuta, sai ya buɗe ƙofar da fotasiyam ke fita, tsoka ta saki, jini ya wuce. A 1995 masu bincike a Jami'ar Vermont ta Amurka suka gano haka. Ni ma na ga tartsatsin nan da idona yana ƙyalli, ranar har malamina ya yaba aikina.

Amlodipine, ƙwayar hawan jinin Baba, toshe ƙofar da kalsiyam ke shigowa daga waje yake yi, shi ya sa jijiya ke sakewa. Ba ya warkarwa, riƙe ciwon yake. An daina sha, sai ta koma ta matse, mutum bai ji komai ba har ɓarin jiki ya shanye. Kun dai ga yadda maƙwabcinmu ya ƙare. Allah Ya tsare.

Kuma don kun ji na ce kalsiyam, kada a hana shi nono da fura, ba daga nan matsalar take ba. Gishiri da kanwa da dunƙulen miya Inna za ta rage.

Ni lafiya lau, sai sanyi, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi. Ina ɗan aikin dare a gidan kula da tsofaffi, babu wahala sosai. Abin da ke cin raina, ina auna jinin iyayen wasu, nawa uban yana can ba ni kusa.

Ka kai shi asibiti da kanka ranar Litinin, kada ka aiki Auta. Ka rubuto mini lambobi biyun da aka samu a awon jininsa. In Kawu ya yi magana, ka ce ni na roƙa, cikin ladabi. Kuɗin na magani ne, Yaya.

A gaida Inna, a ce ta sa ni a addu'a.

Ƙaninka