Takardar Koke Kan Rabon Tallafin Abinci

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katagum,
Fadar Sarki, Azare, Jihar Bauchi,
Ta hannun Mai Girma Hakiminmu.

Allah ya ja zamanin Sarki. Bayan gaisuwa da mubaya'a, mu talakawanka manoma da matan ƙauyukan gefen Azare mun kawo kukanmu, domin muryarka tana isa inda tamu ba ta kaiwa.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ana ta aiko da shinkafa da hatsi daga Abuja. Mun gode. Amma ranka ya daɗe, kafin kayan su iso gare mu sun bi hannuwa da yawa. A rabon baya mun ga wata tsohuwa mai riƙon marayu huɗu, ta yini a layi cikin rana da kwanonta, ta koma gida da mudu biyu. Wasu ko ƙwaya ba su samu ba. Kuma ba mu manta da turmutsitsin rabon zakka a garin Bauchi ba, a azumin 2024, inda mata suka rasa rayukansu.

Kuɗin tallafin gwamnati na naira 25,000 da ake turawa ta banki ma, iyayenmu da yawa ba su da asusu balle lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN.

Roƙonmu shi ne Sarki ya isar wa gwamnati cewa ta sayi gero da dawa da masara a hannunmu lokacin kaka, sa'ad da manomi ke sayarwa da arha don biyan bashin taki. A adana su a nan ƙasar Katagum, a fito da su a sauƙaƙen farashi cikin Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, magidanci na barin gonarsa ya tafi ƙwadago don cefanen yini. Tuwo da kunu muke ci, buhun shinkafa guda kuwa kuɗinsa zai sayi hatsin da ya fi shi auki.

Kason kyauta kuma a bar wa masu unguwanni da limamai su rubuta sunayen gajiyayyu, a karanta a bainar jama'a, a kai musu har ƙofar gida. Su suka san gidan da hayaƙi bai tashi ba.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.

Mu ne talakawanka,
A madadin manoma, mata da dattawan ƙauyukanmu.