A samar wa ɗalibanmu cibiyar lissafin ƙwayoyin halitta

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarka in yi magana kan fannin da nake koyarwa, wanda mutane kaɗan ne suka san da shi: binciken motsin furotin ta hanyar lissafi a kwamfuta.

Furotin, wato ƙananan sinadaran da ke gudanar da ayyukan jiki, ba ya zama wuri guda. Kullum yana motsi yana lanƙwasa, da saurin da madubin ɗakin gwaji ba ya iya bi. Shi ya sa ake ba kwamfuta wurin da kowane atom (ƙanƙanin ƙwayar da furotin ya ginu da ita) yake, ta bi dokokin motsi na Newton ta lissafa inda zai gusa, ta sake lissafawa sau miliyoyi. A 1977 masana McCammon da Gelin da Karplus suka fara yi wa furotin haka a jami'ar Harvard, kuma motsin da suka samu bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ba. A 2013 Karplus da Levitt da Warshel suka karɓi kyautar Nobel saboda irin wannan lissafi, a shekarar kuma masana a jami'ar Illinois suka lissafa kwanson ƙwayar cutar HIV mai atom miliyan 64.

Abin da ke ci mini rai shi ne sikila. Amino asid (tubalin da ake gina furotin da shi) ɗaya tak ya canza a gurbi na shida na sarƙar beta ta himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jini. Da iskar oksijin ta ragu sai ƙwayoyin himogulobin su manne da juna su zama zare, jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, yaro ya kwana yana kukan ciwon ƙashi. Babu ƙasar da ake haifar masu sikila kamar Najeriya. Wa ya fi mu cancantar neman sinadarin da zai hana wannan mannewa? Lissafi ba ya maye gurbin ɗakin gwaji, amma yana nuna inda ya kamata a kashe kuɗi.

Manhajar GROMACS da ake yin wannan lissafi da ita kyauta ce, siffofin furotin ma kyauta ake ɗauko su daga rumbun intanet mai suna PDB. Ɗalibaina suna da ƙwazo. Injuna masu ƙarfi da wuta mai ɗorewa ne babu. Lissafin mako guda sai ya ci wata saboda ɗauke wuta.

Afirka ta Kudu tana da cibiyar manyan kwamfutoci mai suna CHPC a Cape Town wadda jami'o'inta ke amfani da ita tare. Ina kira ga asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, da ya gina mana irinta a Arewa, mai aiki da hasken rana, wadda ɗalibin Sakkwato ko Maiduguri zai tura aikinsa ta intanet.

Wassalam.

Malamin kimiyyar sinadarai,
Kano