Kafin ka sauya wa 'yar motarka inji

Agege, Legas

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ya karatu? Mahaifiyarka ta nuna mini saƙonka, wai kana son kuɗi ka shiga kasuwar Alaba ka sayo wa 'yar motar nan taka ta rimot sabon inji da batir. Zan ba ka, amma sai ka fara buɗe motar ka karanta abin da ke rubuce a jikin ESC, wato na'urar da ke tsakanin batir da inji tana daidaita gudu. Duk abin da za ka saya, ESC ɗin ce za ta zaɓa maka. In 2S aka rubuta, batir mai gida biyu ne iyakarta, wato ƙwayoyin batir biyu da aka jona a jere, ka jona mata 3S kuwa hayaƙi za ka gani. In wayoyi biyu ke fita daga cikinta zuwa inji, ta inji mai burushi ce, wato mai 'yan gawayi a ciki da ke goga suna kai masa wuta. Inji marar burushi wayoyi uku yake so, don haka in shi za ka saya, tare za ka sauya inji da ESC.

Lissafin ba wuya. Kowane gida na batirin LiPo, wato batirin lithium mai caji da ake sa wa irin waɗannan motoci, volt 3.7 ne, in ya cika ya kai 4.2. Ka ga 2S ya zama 7.4, 3S kuma 11.1. Lambar KV ta jikin inji tana faɗin juyi nawa zai yi a minti ɗaya kan kowane volt, in ba ya jan komai. Inji mai 3500KV zai yi juyi kusan 26,000 da 2S, da 3S ya doshi 39,000. Na san ku samari babbar lamba ke burge ku, amma a tsakar gida mai siminti motar da ba ta wuce tafin hannu ba za ta yi ta juya taya ne a banza, ko ta kife a kwana. Inji mai yawan KV wuta yake zuƙa, zafi ya biyo baya. In ka nace sai shi, sa masa giya mai ƙarancin haƙora a bakinsa. Bayan ɗan gudu ka taɓa shi, in yatsanka bai iya zama a kai ba, ka ƙara rage haƙoran.

Batir ma a duba ko zai iya ciyar da injin. Lambar mAh yawan wutar da yake riƙewa ce, ta C kuma saurin sakinta, amp kuwa ma'aunin wutar da ke fita. Mai 450mAh da 30C amp 13.5 zai bayar, wato 0.45 sau 30, a takarda ke nan, don masu yin batir akwai ƙarin gishiri a wannan lamba. Kar ka biye wa mai shago ya haɗa ka da ƙato, nauyi yana kashe ƙaramar mota. Ƙananan nan irin Mini-Z na Kyosho da batirin AAA huɗu suke zuwa, volt 4.8 in masu caji ne, kar wani aboki ya zuga ka ka cusa wa irinsu 7.4.

Abin da ya fi damuna caji ne. Ka sayi cajar da ke daidaita gida-gida. Kar gida ya sauka ƙasa da volt 3, in kuma za ka ajiye batirin ya kwana biyu, bar shi a 3.8. Ban yarda ka jona shi ka kwanta don NEPA ta kawo wuta cikin dare ba, balle a kan katifa. Wanda ya kumbura ya gama aiki, fitar da shi daga ɗaki.

Turo mini hoton rubutun ESC ɗin kafin Juma'a. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Babanka